Kwalbatin Hanyar Ajiwa

Ruwan Agusta ya cinye hanyar Ajiwa,
tumatirin Nomau ya ruɓe cikin kwando,
kwana uku ba motar da ta leƙo.

Ba a yi shela ba.
Ilu birkila ya fito da cokalinsa,
'yan acaɓa suka yi karo-karo: siminti buhu tara,
Tasalla ta ce ƙosanta yau ba na sayarwa ba ne.

Ni aka damƙa wa littafin lissafi.
Na rubuta yashi, na rubuta rodi,
amma gumin Cindo kurma,
da ya yini jidar dutse har la'asar sakaliya,
na rasa layin da zan sa shi.

Ran Laraba motar Katsina ta tsallaka.
Nomau ya ajiye kwando guda ƙofar gidan Cindo,
ya juya bai ce uffan ba.