Ƙarnin Kifi

Ƙarfe huɗu, Busan na barci,
teku kaɗai ke juyi a shimfiɗa.
Kakata Mal-sun ta riga motar shara fita.
Ina jin takalmin robarta
a kan matakala ɗari da goma sha bakwai
da ke hawa zuwa cocin kan tudu.
Sau ɗaya na ƙirga su, ina haki.
Ita shekara arba'in, ba ta taɓa ƙirgawa ba.

Benci na uku, gefen taga mai tsagaggen gilashi,
nan take durƙusawa.
Ba ta da muryar waƙa, kowa ya sani,
takan faɗa cikin baiti kamar mai tsallaka kwata,
amma ko wasali ɗaya ba ta rage masa.
In ta ce "Ubangiji"
sai ka waiga, ko ya shigo ne.

Daga nan sai kasuwar bakin ruwa.
Wuƙa, katako, bokitin ƙanƙara,
sanyin da ke tsaga yatsu har jini.
Yadda take addu'a haka take gyaran kifi,
ba gaggawa, ba ha'inci.
Ba ta ɓoye na jiya ƙarƙashin na yau.
Sikelinta in zai karkata,
wajen mai saye yake karkata.

Ni kuwa kunya nake ji.
Ran Lahadi matan unguwa
kan zo da turare da farar safar hannu,
ita wanki uku bai raba ta da ƙarni ba.
Wata rana na matsa can ƙarshen benci.
Ta gani. Ba ta ce uffan ba.
Sai ta miƙo mini alewar citta
da hannun nan dai.

Akwai wani tsoho, Pyo Deok-man,
wanda ya cinye mata kuɗin adashi
shekarar da teku ta riƙe kakana.
Da ciwo ya kwantar da shi, 'ya'ya suka yi nisa,
kakata ce ke hawa ɗakinsa da magariba
da tukunyar miya naɗe cikin tawul.
Na ce, "Kaka, wannan mutumin fa?"
Ta ce, "Danne murfin, kada ta zube."
Na ce, "Ya ma taɓa ba ki haƙuri?"
Ta tsaya ta gyara numfashi.
"Ba karɓar bashi na zo ba.
Ni tun a kan gicciye aka biya ni."
Ta ci gaba da hawa.

Bana gwiwoyin sun ƙi.
Matakala ta fi ƙarfinta, wuƙa ta koma hannun gwaggona.
Amma ƙarfe huɗu idonta biyu,
zaune a ƙasa, bargo a kafaɗa, fuska wajen tudu,
tana jero sunaye ɗaya bayan ɗaya:
masu jiragen da ba su dawo ba tukuna,
yarinyar shagon taliya mai tsohon ciki,
fasto da tarin da ya ƙi barinsa,
Deok-man,
sai ni.
Kullum bayan Deok-man nake zuwa.
Na daina jin haushin hakan.

Jiya ni ta aika da tukunyar.
Tsohon ya buɗe ƙofa, ya leƙa bayana,
ya ga ba kowa.
Ya karɓa da hannu biyu, suna rawa,
ya daɗe tsaye cikin tururin.
Bakinsa ya motsa, maganar ba ta fito ba,
ni ma ban jira ta ba.

A hanya na shinshina tafina.
Ƙarni.
Na wuce famfon bakin titi ban tsaya ba,
na hau tudun, na manta ƙirga,
na tura ƙofar, ba kowa sai fitila ɗaya.
Gilashin nan har yau ba a canza shi ba,
iskar teku na shigowa ta tsagar.
Na durƙusa inda katakon ya lotsa.
Ban san ta inda ake farawa ba,
sai na fara da sunanta.