Hancin Makame

Kullum da hantsi mota takan zube su
a bakin gonar Kizimbani,
wuya ya yi jajir, kowa da gorar ruwa.
Nakan murje ganye a tafin hannu:
"Ku sansana. Wa zai canka?"
Wani ya ce kirfa, wata ta ce citta.
Kanumfari ne.
Su yi ta murna kamar sun tsinci dami a kala.

Faki ya ɗare bishiyar kwakwa, igiya a ƙafa,
daga can sama yana auna aljihun kowa.

Da la'asar in kai su tsohon gari,
in nuna ƙofofi masu ƙusoshin tagulla,
in ce gobe kada tsibirin kunkuru ya wuce su.
Ni da aka haifa a Unguja ban taɓa ƙetarawa ba;
kuɗin kwalekwale shinkafar kwana huɗu ne.

Daren jiya Bi Zuwena, mahaifiyata,
ta buɗe tukunyar pilau.
"Ka ji ƙamshi?"
Na ce na ji.
Ƙarya na yi mata.
Hancina ya daɗe da barin tsibirin nan
cikin jakunkunan baƙi,
ƙulli-ƙulli, dala biyar.