Gefen Takarda

Kwana biyar na yi a Yamai,
a ɗaki mai sanyi, har na nemi rigar sama.
Madam Zuwaira ta haska bango,
samarin ƙasa duka suka koma sanduna,
ja da shuɗi, wata ta ɗara wata tsawo.
Ta ce: doguwar nan ta masu son tafiya ce,
guntuwar kuwa ta waɗanda wani babba
ya taɓa tambaya, me kake so ka zama?
Na rubuta. Alƙalamina ya ƙafe a rana ta uku,
na ari na wani Bazabarme daga Doso.

Abin da ya fi ba ni wuya bai kai layi biyu ba:
in ka yi tambaya, ka haɗiye harshenka,
ka ƙirga goma a zuci kafin ka ƙara.
Muka yi dariya,
mu da aka ɗauka aiki saboda bakinmu.

Motar dare ta sauke ni Tawa da asuba,
kundi a jaka, shafi tamanin da huɗu,
da takardun tambaya masu ƙananan akwatuna.

Fadar Gweben Zogi tana inda na bar ta:
benci mai ƙafa uku da bulo,
butar shayi a kan gawayi,
waya biyar suna jiran caji guda.
Nomau ya ce, ga mushe ya dawo da ƙiba.
Na zauna ƙasa. Kofin farko ɗaci ne.

Na tambayi Tankari, me zai hana ka tafiya?
Akwatuna huɗu ne: aiki, jari, karatu, iyali.
Ɗaya. Biyu.
Yana kallon kumfa.
Biyar. Harshena yana ƙaiƙayi,
shawara ta taho har bakin haƙora.
Takwas.
Wani kabu-kabu ya wuce da buhun albasa.
Goma.

Sai ya ce, ba ya duban kowa:
wana ya aiko da hoto daga Abijan,
tun ran nan inna take zuba mini tuwo
ba ta kiran sunana.

Na duba akwatunan nan huɗu.
Babu wanda zai ɗauki wannan,
ko na lanƙwasa shi kamar tabarma.
Na juya takardar a karkace,
na rubuta a gefe, inda babu layi.

Kafin kofi na uku, mai zaƙin,
Mantau ya ce shi walda yake so,
amma yana kunyar koya a hannun ƙanensa.
Asumana bai ce komai ba.
Na rubuta: bai ce komai ba,
ya dai raka ni har bakin kwalta.

Na aika takardun, ina tsoron faɗa,
don gefe ya cika, tsakiya fayau.
Bayan sati uku wayata ta yi ƙara.
Ta ce, wane ne Tankari?
Na ce, yana nan, yau shi ke da wuta.
Ta ce, kundin baɗi zai ƙara shafi,
kada ka goge kome.

Kundin bana yana jakata har yanzu,
zoben kofi ya hau shafi na sha tara.
Gobe Laraba, zan koma.
Asumana na bi na goma guda,
zan kai masa ita, in yi shiru.