Awa Biyu Ba Kwata

Shekara ashirin da uku ina jan kar
daga Damagaram zuwa Yamai.
Na san hanyar nan kamar yadda harshe ya san giɓi:
ramin da ke bayan Takeita,
kwanar da ta cinye mini taya biyu a dare guda,
inuwar gawon da Lawali aparanti ke satar barci.

Ban taɓa auna ta da kilomita ba.
An ce ɗari tara ba kaɗan. Ni da salla nake awo.
Asuba a tasha, ana ɗaure buhunan barkono a bisa,
hantsi a Maraɗi,
azahar a Ƙwanni, a ci tsire a tsaye,
magariba ta tare mu a Doso,
lisha kuwa sai an shaƙi ƙanshin kogi.

Yanzu yana ta rufe idon dama.
Fassuma ta bugo waya:
Baba, jirgi za ka hau, na biya,
likitan ido ba ya jiran mai kar.

A filin jirgi wani yaro mai duba takardu ya ce mini,
ta sama ɗari bakwai da hamsin ce,
tunda babu kwana.
Na ce, sauran ina kuka kai su?
Ya yi dariya, ya buga hatimi.

Muka ɗaga.
Da idon da ya rage na leƙa:
duwatsun Birni, waɗanda na hau ina yaro har gwiwa ta sale,
sun koma kashin awaki a tsakar gida.
Kasuwar Dole ko tafin hannu ba ta kai ba.

Wata yarinya ta miƙo shayi a kofin takarda.
Ina cikin hura shi aka ce Maraɗi na bayanmu.
Babu jandarman da ya ɗaga hannu,
babu mai furar da ta kira ni da sunan tsokana.
Gari ya wuce ba a yi masa sallama ba.

Sai Hurera ta faɗo mini.
Shekarar da aka kwantar da ita asibitin Yamai,
saƙo ya zo da tsakar dare: ka taho.
Na tayar da mota kafin ladan ya yi gyaran murya.
Ban tsaya Tasawa ba, ban tsaya Madawa ba,
fasinja na zagi, mai ciki na roƙo,
ni kuwa ƙafata ta manne.
Awa goma sha uku. Ban taɓa gudu irin na ranar ba.
Na iske an naɗe tabarmarta,
kwanon kununta a kife.
Suka ce ta cika da la'asar.
Lokacin ina Dogon Dutsi
ina ɗura wa lagireto ruwa.

Wata murya ta ce a ɗaura ɗamara, za mu sauka.
Na duba agogo.
Awa biyu ba kwata.
Na ƙirga da yatsu, na sāke ƙirgawa,
hannu ɗaya ma bai cika ba.

Maƙwabcin kujerata ya taɓa kafaɗata:
lafiya, tsoho?
Na ce idon ne ke ruwa,
shi za a je a duba.

Fassuma na bakin ƙofa da lema.
Ta karɓi jakata, ta ce, Baba, ya hanya?
Na ce, ƴata, ban gan ta ba.