Wata Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe tara na hau rufin benenmu a Gwammaja,
kyamara a wuya, mai ƙafa uku a kafaɗa,
batir biyu a aljihu, ɗayan ma na aro ne.
Sai aka ɗauke wuta.
Ban taɓa sa wa masu wuta albarka ba sai ranar:
unguwa ta yi ɗif, sama ta fito kamar an wanke ta.

Duk minti goma, ƙyas.
Watan farko fari tas, ƙwarya cike da nono.
Na biyu an gatsi gefensa,
yadda Ummita ke yi wa gurasa
ta mayar cikin leda, ta ce ba ita ba ce.

Can ƙasa yara sun fito da gwangwanaye da murafan tukwane,
suna ta duka, wai a saki wata.
Lasifika ta kira sallar husufi,
takalma suka taru a ƙofar masallaci.
Ni ina sama, sauro na rabon ƙafafuna,
ina ƙirga daƙiƙoƙi da leɓe.

Da inuwa ta gama haɗiye shi, bai mutu ba.
Ja ya yi,
irin jan garwashin mai tsire in dare ya raba,
Dala ta durƙusa baƙi ƙirin a ƙarƙashinsa.
Na riƙe numfashi,
don tari ɗaya ya isa ya ɓata wata.

Nan Ummita ta hawo, ba takalmi, ba sallama,
ta dafa ƙafar kyamara:
"Baba, ɗaga ni in ga ko yana jin zafi."
Na ɗaga ta.
Hoto na bakwai ya fita a goge,
kamar an shafa ɗanyen lalle da yatsa.

Washegari a shago, janareta na tari,
na yanko kowane wata daga cikin darensa,
na jera su a kwamfuta,
na lanƙwasa su bisa Dala kamar carbi.
Ɗanlami tela ya leƙo, allura a baki:
"Wata goma sha ɗaya a dare guda?
Malam, ka ji tsoron Allah."
Na ce, "Kowanne da idona na gan shi,
sai dai ba tare suka zo ba.
Kai ma yanka yadi kake, ka ɗinka, ka kira shi riga."

Saura na bakwai.
Da na so, in kwafi na shida, in ƙara masa ja,
ba mai ganewa daga nan har Kurmi.
Na daɗe hannuna na shawagi.

Na bar shi yadda yake.

Yanzu hoton na rataye a bangon shago.
Masu zuwa fasfo kan ce, wannan ɗayan ya lalace.
Ummita kuwa, in an taso islamiyya,
sai ta hau benci, ta ɗora yatsa a kansa,
ta ce wa ƙawayenta:
"Wannan ne nawa."