Ranar Tantancewa

Sun iso Litinin, hantsi ya dubi ludayi,
Su uku daga Dutse, a farar mota mai tambari,
Ragowar tumatirin Gujungu na ruɓewa a bakin titi.
Na shimfiɗa sabon zane a kan gadon haihuwa,
Abin da ban taɓa yi wa wani baƙo ba.

Babbansu ya ce, "Hajiya Tabawa, ina lasisi?"
Na nuna bango. Ga shi can cikin gilashi,
Gara ta ci kusurwa ɗaya, ta bar mini hatimin.
Awaki biyu na sayar kafin in sabunta shi,
Wannan kam bai tambaya ba.

Ya ce in an sa mu a shirin taimakekeniya,
Mai ciki da goyo da tsoho, kati kawai za su nuna,
Hukuma ta biya ni kuɗin kowane kai.
Sai dai dukiyar jama'a ba ta kwana a ɗaki
Muddin ba a ƙidaya azarar rufinsa ba.

Aka zaro takarda, layi arba'in da bakwai.
Firji? Yana ci da hasken rana.
Ramin ƙona allurai? Bayan darbejiya.
Tukunyar kashe gobara? Ja wur, gwanin kyau,
Ashe tun bara ta mutu, ban sani ba.

"Inshorar kuskure fa?" in ji ƙaramarsu mai tabarau.
Na ce wace ce kuma haka?
Ta ce, "Ranar da hannunki ya goce,
Kamfani ne zai biya dangi diyya."
Na yi shiru, Hansai matar Nomau ta faɗo mini:
Jini ya ɓalle, mota ta kafe a laka,
Damina tara ke nan.
Danginta suka ce kwana ne ya ƙare, sun yafe.
Ni ce har yau ban yafe ba.

Muna cikin haka aka shigo da Mati a amalanke,
Bel ɗin injin ban-ruwa ya yage masa damtse.
Na ɗaure, na wanke, na ɗinke,
Ilu ya ruga ya kawo ledar ƙarin ruwa.
Sandar ratayewa ɗaya ce, tana kan mai gudawa.
Mai tabarau ta ajiye biro, ta ɗaga ledar sama,
Hannu na rawa, gumi na bin gefen mayafi,
Har ruwan ya ƙare ba ta sauke ba.

Da ta zauna, da wannan hannun dai ta rubuta:
Sandunan ƙarin ruwa, ba su isa ba.
Inshora, babu. Mai awon jini, babu.
Na so in ji haushi, har na buɗe baki,
Sai na tuna shagon nan na bayan tasha,
Mai farar riga, ba takarda ko ta kunu,
Wanda allurarsa ta shanye ƙafar 'yar Barau.
Shi ba a taɓa kai masa layi arba'in da bakwai ba.

Wata uku suka ba ni.
Da dare na haska fitilar waya ina lissafi:
Inshora, buhu huɗu na riɗi;
Tukunyar gobara, rabin buhun zoɓo;
Sanduna, mai walda zai ɗaga mini ƙafa zuwa kaka;
Mai awon jini, akwai wani yaro a Ringim,
Ban dai san ko zai jure zaman ƙauye ba.

Da asuba matar Mati ta yi sallama,
Zabuwa a hammata, an ɗaure ƙafafun da tsumma.
Ta ce kuɗin ɗinki ne, in yi haƙuri da shi.
Na karɓa, na ɗaure ta a ƙafar benci,
Na sake bin takardar tasu layi-layi da yatsa,
Ban ga inda ake rubuta zabuwa ba.