Ganuwa Cikin Ruwa

Shekara arba'in ina gini a Zariya,
daga Kwarbai har Tudun Jukun,
ban taɓa gina wa mai shaƙar ruwa gida ba
sai da jikata Uwani ta dire akwatin gilashi a zaurena,
kifi biyar a ciki, jajaye kamar tattasai,
ta ce, "Kaka, ba su da wurin ɓuya."

Na tsinto tsakuwa a gindin Kufena,
na wanke, na tafasa, na shanya a tabarma,
na tayar da 'yar ganuwa taƙi guda,
da ƙofa, da zankwaye biyu a kanta.
Gam kuwa ragowar aikin banɗakin wani attajiri ne,
irin wanda fumfuna ba ta hawa.
Na ce abin da ya hana bango baƙi
ai ko'ina ya je alheri zai kai.

Kwana biyu, da asuba,
uku sun juya ciki sama.

Uwani ba ta yi kuka ba.
Ba ta kuma tsokane ni ba,
ita da kullum sai ta ce hulata ta karkace.
Ta kwashe su a ludayi,
ta binne a gindin zogale.

Sai na tuna makuba.
Da ita muke shafe soro, damina ta bi ta kansa ta wuce,
ita ce kuma in an zuba a kududdufi
kifi ke tasowa a buge.
Na san wannan tun ina miƙa wa babana tubali.
Sani ne ya yi barci,
hannu ya ci gaba da aiki.

Na tafi Sabon Gari, shagon Nduka,
na ja Isiyaku ɗan maƙwabcina mai karatu a Samaru,
don ƙananan rubutun nan sun fi ƙarfin tabarauna.
Ya ɗaga ɗaya: "Wannan da maganin fumfuna."
Na ce ajiye, mun san juna.
Wani na gilashin mota ne, wani na rufin kwano,
kowanne da abin da yake taƙama da shi.
Can ƙasa akwai wani marar alfahari,
silikon zalla, ba a gauraya shi da komai ba,
da hoton ɗan kifi a kwiɓinsa.
Shi ya fi tsada.
Na soma ciniki yadda na saba,
Nduka ya dube ni ya ce, "Baba, nawa aka sayi kifin?"
Na ƙirga masa kuɗinsa.

Sabuwar tsakuwa na samo.
Kowace na ɗiga mata lemun tsami,
wadda ta yi kumfa na jefar.
Na matso gam, tsaminsa ya doki hancina,
Isiyaku ya ce a bar shi ya sha iska
har sai hanci ya rasa abin faɗa.
Mako guda ganuwa na kan taga.
Ni da nake ɗora rufi ranar da bango ya tsaya,
na zauna ina gadin tsakuwa.
Sannan bokiti, ruwa a zubar a sake,
a zubar a sake.

Jiya da la'asar muka saukar da ita.
Biyun da suka rage suka ja da baya.
Ƙaramin ya zo ya sumbaci zanko,
ya kewaya,
ya shige ƙofa ba sallama.

Yau da asuba na riga ladan tashi.
Na haska tocila. Suna nan, ciki ƙasa.

Uwani ta daɗe da goshi a jikin gilashi,
sannan ta ce, ba ta ko waiwayo ba,
"Kaka, ƙofar nan taka ta karkace."